Ƙwaryar Sarki Barmo

A zamanin da ƙasar Hausa ke girgiza, shekara dubu da ɗari biyu da ashirin da ɗoriya bayan Hijira, birane na faɗuwa sarakuna na gudu, akwai garuruwa biyu da suka daɗe ba su zare wa juna takobi ba, Birnin Dumari da Birnin Kwalga. Ba wai ƙauna ce ta hana su ba. Tsakaninsu akwai Tafkin Bagaruwa, ruwan da ba ya ƙafewa da rani, kuma kowa na so. Da kakanni suka gaji da binne samari a kansa, sai suka ƙulla yarjejeniya. Kowace shekara in an gama girbi, kowane birni ya fito da gwaninsa na kokawa, a haɗu a bakin tafki ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya. Birnin da gwaninsa ya yi kaye, shi ke da kamun kifi da shayar da dabbobi a tafkin har kaka ta zagayo. Ɗaya birnin kuwa sai da roƙo shanunsa za su sa baki a ruwan.

Duk mai zuwa kallo, sarki ne ko talaka, a gindin tsamiya yake ajiye makaminsa. Kafin a kama kuma, uwar kowane gwani, wadda ake kira Uwar Fage, za ta dama fura da hannunta ta kai wa abokin karawar ɗanta. Ita za ta fara shan ludayi ɗaya a gaban jama'a, shi ya shanye sauran. Da haka gwanayen biyu suka zama 'yan ɗaki ɗaya a wannan rana, za su kā da juna amma ba za su karya juna ba. Furar amana ake ce mata. In aka sami wani abu a cikinta, gidan da ya ci amana zai biya da ran ɗansa.

A wannan shekara Uwar Fagen Dumari ita ce Tabawa, mai sayar da fura a bakin kasuwa, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta Nomau shi ne Sarkin Kokawar Dumari. Shi ne na farinta, shi kaɗai kuma ya rayu. Saboda kunyar ɗan fari, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, in kuma tana son tsokanarsa ta ce "Sarkin Kokawa". Mutane na ganin ƙirji kamar ƙyauren birni, ita kuwa yaron da ƙyanda ta kusa ɗauke mata take gani, wanda har yau in ya yi tari sai ta ajiye abin da ke hannunta ta saurara.

Ranar da manzon Kwalga ya iso, aka kira Tabawa fada, don al'ada ce Uwar Fage ta ji ƙalubale da kunnenta. Ta zauna a tabarma can gefen ginshiƙi. Sarki Barmo na bisa gado, Galadima Danda na damansa, Kaura Bagudu shugaban mayaƙa na hagunsa, Liman na gaba da carbi.

Manzo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Sarkin Kwalga yana gaishe da maƙwabcinsa Sarkin Dumari. Ya ce hatsi ya shiga rumbu, ruwa ya ja baya, fage ya bushe. Ga kambun damtsen gwaninmu Cindo. In Dumari na da mai ɗauka, ranar Alhamis a same mu a gindin tsamiya."

Nomau ya tako ya ɗauki kambun ya ɗaura a damtsensa. Aka fita da manzo masauki, Nomau ya bi shi rakiya, aka rufe ƙofar zaure.

Kaura ne ya fara magana. "Allah ya ba ka nasara. Bara Cindo ya kā da mu, bara waccan ma haka. Makiyayanmu na durƙusa wa masuntan Kwalga kafin saniya ta sha ruwa. Gabas da yamma yau takobi ke raba gardama, mu kaɗai muka rage muna sa ran ƙasa a kan warkin saurayi. Ranar Alhamis makamansu za su kasance a gindin tsamiya. Ka ba ni 'yan baka, kafin la'asar tafki ya zama naka har abada."

Liman ya ɗaga kai. "Zaki, kada ka saurari wannan. Masu itace sun zo mini da labari jiya. Zumar da ke cikin kogon tsamiyar fage tun zamanin kakanka ta tashi, ta haye ruwa ta nufi Kwalga. Ban ce na san gaibu ba. Amma alkawarin nan da sunan Allah aka ƙulla shi, kuma ban taɓa ganin gidan da ya warware irinsa ya zauna lafiya ba."

"Zuma dai furanni take bi, Malam," in ji Galadima, da muryarsa mai laushi. "Ni ma ba na son jini, Allah ya ja zamaninka. Kaura yana da gaskiya a kan ƙishirwa, Liman yana da gaskiya a kan takobi. Akwai hanya ta uku. Cindo mutum ne, ciki gare shi. Da ɗan abin da zai sassauta masa gwiwa ya shiga furarsa, ba mutuwa ba ciwo, da gwaninmu ya yi kaye a gaban kowa, kowa ya koma gida lafiya."

Da ya faɗi haka sai ya juyo ya dubi gefen ginshiƙi. Duk fada ta juyo tare da shi.

Tabawa ta gane da ita ake. Ta gyara zama ta ce, "Ranka ya daɗe, ni mai fura ce, ban san sha'anin mulki ba. Amma na san dokar fage. In aka ji wani abu a furar nan, ba ɗan Galadima za a kwantar ba, yaron nan za a kwantar. Shi ke nan gare ni. Ya tafi ya sha kaye sau nawa ne, in dai zai dawo ya ci tuwona. Hannuna ba zai yi wannan aiki ba, ko da a ce yanke shi za a yi."

Wani dogari ya motsa, Sarki ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya yi murmushi.

"Galadima, mace ta kunyata ka. Kaura, mayar da kibanka kwari. Tabawa, ɗanki ɗana ne. Na rantse da kabarin ubana, na rantse da tambarin gidan nan, ba za a cuci kowa ta hannunki ba. Tashi ki je ki dama furarki."

Ta faɗi ta yi godiya har goshinta ya taɓa ƙasa. Ta fito tana sa wa Sarki albarka.

Duk da haka ba ta saki jiki ba, don ta ga idon Galadima. Geron da ta surfa daga rumbunta ta ɗebo shi, ba ta saya ba. Citta da kanumfari da barkono ita ta daka. Nono ta je ruga da ƙafarta, aka tatsa tana tsaye, ta kawo gida ta kafa shi da kanta, ta ɗora faifai ta ɗora dutse. Ruwa ma daga rijiyar gidanta ta ja. Maƙwabciya ta shigo aron muciya, ta tare ta a bakin ƙofa.

Nomau na zaune yana shafa mai a kafaɗa, yana dariya. "Inna, ko sarauniyar tururuwa ba a tsaronta haka. Ni ɗanki ko ɗanɗane ba za a ba ni ba?"

"Naka na wurin uwar Cindo. Ka je ta shayar da kai."

"Tata tsami gare ta."

"Tsamin ne ya kā da kai bara? Ka ji ni, Sarkin Kokawa, in ya kama maka ƙafar hagu kada ka tsaya taurin kai. Gwiwar nan ba ta gama warkewa ba. Ka faɗi kawai. Faɗuwa ba ta kashe kowa."

"Haba Inna, wace Uwar Fage ce ke koya wa ɗanta faɗuwa?"

"Wadda ta yi jinyarsa."

Da safiyar Alhamis, ta gama cura fura tana shirin damawa a tsohuwar ƙwaryarta, sai ga Jakadiya Lantana daga fada, da wani abu a nannaɗe cikin farin saƙi.

"Uwar Fage, an tashi lafiya? Sarki na gaishe ki. Ya ce matar da ta tsare mutuncin Dumari a gaban majalisa ba za ta shiga fage da ƙwarya mai ɗinki ba."

Ta warware. Sabuwar ƙwarya ce babba, an yi mata zane da wuƙa mai zafi, a gindinta ga ƙadangare biyu sun kewaye mashi, alamar gidan Barmo. Tabawa ba ta taɓa riƙe abu mai kyau irinta ba.

"Allah ya saka wa Sarki. Sai dai sabuwar ƙwarya ɗaci gare ta, Jakadiya. Sai an jiƙa ta ta kwana biyu, an kankare, an wanke. Yau kuwa ba lokaci."

"Wa kike koya wa? Tun ranar da kika bar fada take jiƙe. Ni na tsame ta da hannuna na shanya. Ke dai zuba. Ko so kike in koma in ce kin raina kyautar Sarki, kin tsaya wanke ta kamar daga juji ta fito?"

Tabawa ta shinshina. Ta ji wani ɗan wari kamar na ɗanyen ganye, ta ce a ranta na sabunta ne. Hannunta har ya kai ga tulun ruwa. Sai ta tuna rantsuwar Sarki, ga Jakadiya tsaye a kanta, ga ganguna sun fara tashi a ƙofar gari. Ta janye hannun. Ta zuba nono, ta saka fura, ta dama.

Kafin rana ta take, bakin tafki ya cika. Mutanen Dumari sun zo a ƙasa, na Kwalga sun hayo cikin jiragen masunta. Takubba da masu da kwari suka taru a gindin tsamiya tsibi biyu, dattawa na zaune a kansu. Sarakunan biyu suka gaisa daga nesa, kowa ya zauna a rumfarsa.

A tsakiyar fage Tabawa ta haɗu da Yada, uwar Cindo, wata siririyar mace mai baki. Shekarun nan da 'ya'yansu ke karawa sun sa sun saba.

"Iye! Tabawa, ƙwaryar wa kika sato?"

"Kyautar Sarki ce. Ke dai ina fata bana kin rage tsami."

"Na ƙara. Ɗanki ya ce mini yana so." Yada ta rage murya. "Ya gwiwarsa?"

"Da sauƙi."

"Na gaya wa nawa kada ya taɓa ta. In ya taɓa, ni da shi ne a gida."

Yada ta sha ludayinta ta miƙa wa Nomau. Tabawa ta sha nata, ta durƙusa ta miƙa wa Cindo. Ƙato ne baƙi mai fara'a, da yatsa shida a hannun dama. Ya karɓa da hannu biyu ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga gindi.

"Inna Tabawa, Allah ya sa albarka. In na kā da shi a hankali zan ajiye miki shi."

Ta karɓi ƙwaryarta. Tana komawa gefe Jakadiya ta tare ta da hannu a miƙe. "Kawo in mayar fada a adana miki."

"Ba na ba da ƙwarya da dauɗa. Sai na wanke." Ta kife ta a ƙugu ta wuce. Ta ga fuskar Jakadiya ta sauya, amma ba ta kawo komai a ranta ba.

Aka fara da yara, sannan samari, ana kaye ana shewa. Tabawa na zaune cikin mata sai ta ji bakinta ya bushe. Ta haɗiyi yawu, babu. Ta ce rana ce. Can kuma ta dubi makaɗa sai ta ga kowane ya zama biyu, hasken ruwa na soka mata ido, zuciyarta na bugawa kamar ta yi gudu. Ta taɓa ganin haka. Wata shekara ɗan maƙwabta ya ci 'ya'yan zaƙami a bayan gari, haka bakinsa ya bushe, haka idonsa ya buɗe, kafin ya fara surutai ya faɗi.

Ta ɗago ƙwaryar ta sa hanci a ciki. Yanzu da nono ya jiƙa ta, warin ya fito sosai. Ba a ruwa aka jiƙa ta ba.

Ludayi ɗaya ta sha. Cindo ya shanye ƙwarya.

Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafu suka ƙi. A daidai lokacin ganguna suka sauya kiɗa, maroƙin Dumari ya ɗaga murya, "Ga bijimin Tabawa! Ga gatarin da ke saran kuka! Nomau, ƙasa na jiran baƙonta!" Na Kwalga ya amsa da nasa. Gwanayen biyu suka shigo, suka sunkuya, suka ɗebi ƙasa suka murza a tafi, suka kama.

Ko daga inda take ta ga Cindo ba daidai yake ba. Yana kai hannu inda babu kowa. Ƙafarsa na jan ƙasa. Jama'ar Dumari suka ɗauka tsoro ne, suka kaure da ihu. Nomau ya shiga ƙarƙashinsa ya rungumi ƙugu, ya ɗaga shi sama ɗungurungum, abin da ba a taɓa yi wa Cindo ba. Saura ya juya ya maka shi da ƙasa. In ya maka shi, tafki ya zama na Dumari. Kafin magariba kuma masu maganin Kwalga za su duba idon Cindo su gane, su zo neman ɗan matar da ta dama fura. Sarkin da ya aiko da ƙwarya kuwa zai miƙa shi, ya ce bai san komai ba.

Tabawa ta rarrafa ta keta layin mata, ta dafa kafaɗar wani ta miƙe. Ta tattara abin da ya rage mata na murya.

"Nomau!"

Cikin ganguna da ihun dubban mutane, wannan kira ya shiga kunnensa, don muryar ya sani, sunan ne bai taɓa ji a cikinta ba. Ya tsaya cak da mutum a sama. Ya juyo ya gan ta tsaye tana tangaɗi, ta ɗaga ƙwarya tana girgiza kai. Sai a lokacin ya lura da abin da ke hannunsa: jikin Cindo zafi kamar garwashi, ba gumi ko ɗigo, kansa ya langaɓe yana kiran sunan wata akuya.

A hankali Nomau ya sauke shi a kan ƙafafunsa, ya riƙe shi da hannu ɗaya don kada ya faɗi. Sannan ya kai gwiwarsa ƙasa. A kokawa, wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kā da shi.

Ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

"Jama'a!" Nomau ya ce. "Mutumin nan ba shi da lafiya. An ba shi wani abu. Ba na kā da marar lafiya."

Tabawa ta dubi rumfar Sarki Barmo. Har a lokacin tana da sauran fata. Ta ce ko Galadima ne shi kaɗai, ko Sarki zai miƙe ya ce a kama shi. Sarki ya dube ta ido cikin ido, ya ja amawali ya rufe bakinsa, ya gyaɗa wa Galadima kai.

Galadima ya miƙe, muryar nan mai laushi ta zama ta wani. "Cin amana! Uwa da ɗa sun sayar da tafkinku! Kun ga ya durƙusa da gangan! Kaura!"

Aka busa ƙaho. Daga cikin kacalla, dogayen ciyayin bakin ruwa, 'yan bakan Dumari suka miƙe. Tun asuba suke kwance a ciki. Ashe kiban Kaura ba su taɓa komawa kwari ba.

Fage ya yamutse. Kibau suka fara sauka a kan mutanen da ba su da ko wuƙa. Dattawan da ke tsaron makamai suka miƙe suna ɗaga hannu, aka bi ta kansu. Liman ya tsaya a gaban rumfar Sarki yana kiran sunan Allah, dogarai suka ja shi gefe. Amma abin bai tafi yadda Kaura ya tsara ba. Kwanciyar laima ta sa tsirkiyoyin baka sun saki, rabin kiban a ruwa suke faɗawa. Ga shi jama'a a cakuɗe suke, wannan surukin wancan ne, wancan kawun wannan, talakawan Dumari da yawa suka tsaya tsakani suna zagin 'yan bakansu. Masuntan Kwalga suka zaro filafilai da gororin tuƙi daga jirage suka tare bakin ruwa, 'yan kokawarsu na ɗaukar mayaƙa suna dokawa da ƙasa, har aka sami hanyar da sarkinsu ya shiga jirgi.

Nomau ya saɓa Cindo a kafaɗa, ya kamo uwarsa da ɗaya hannun, Yada na biye tana kuka tana zagi. Bai tsaya shawarar inda za su ba, hanya ɗaya ce ta rage, ta jiragen Kwalga. Ruwa ya kai masa gwiwa sai kibiya ta same shi a bayan cinya, kibiyar Dumari, daga hannun wani da suka yi wasan ƙasa tare. Bai saki ko ɗayansu ba sai da ya zuba su a jirgi.

A ɗaya gaɓar aka shimfiɗa gawawwaki a ƙarƙashin bagaruwa. Yada ta ɗura wa ɗanta ruwan tsamiya har ya yi amai, ta miƙa wa Tabawa sauran ba tare da ta dube ta ba. Wani wanzami ya zare kibiyar Nomau ya ƙona wurin. Sarkin Kwalga, tsoho mai farin gemu, ya zauna a kan kifaffen jirgi, aka gurfanar da uwa da ɗa a gabansa.

Magajin Garin Kwalga ya ce, "Allah ya ja zamaninka, doka a fili take. Ga wadda ta dama, ga ɗanta. Ga kuma matattunmu."

"Ni na dama, ni na kawo," in ji Tabawa, harshenta na nauyi. "Ni za a ɗauka. Shi bai san komai ba, kun gani da idonku ya durƙusa."

"Doka ba uwa ta ce ba. Ɗa ta ce."

Mutane suka fara matsowa. Sai Yada ta taso daga wurin ɗanta, ta ratsa su, ta fizge ƙwaryar da har yanzu ke ƙugun Tabawa. Ta shinshina. Ta sa farce ta kankari cikinta, ta duba abin da ya fito, kore-kore ne har can cikin naman ƙwaryar. Ta ɗora a harshe ta tofar.

"Ranka ya daɗe, wannan ba barbaɗawa aka yi a fura ba. Ƙwaryar aka jiƙa a ruwan zaƙami ta sha ta ƙoshi, aka shanya. Aikin kwanaki ne." Ta kife ta a gaban Sarki. Ƙadangare biyu da mashi suka fito fili. "Mai fura a bakin kasuwa ba ta da wannan alama."

Ta juyo kan Tabawa, idonta jawur. "Ke kuma! Tun ina budurwa nake jin sunan furarki. Ki zuba wa ɗana abinci a sabuwar ƙwarya, ba ki wanke da hannunki ba?"

"Ya rantse mini, Yada. Da kabarin ubansa."

"Ko da na kakansa ne!"

Tabawa ta sunkuyar da kai.

Sarkin Kwalga ya juya ƙwaryar a hannunsa. "Doka ta ce gidan da ya ci amana. Ga alamar gidan, ga kibansa a jikin mutanena, ga wata a jikin yaron da ya ƙi karɓar kayen da aka ba shi kyauta. Ku sake shi. Barmo ne ke da bashin wannan rana, shi ma yana da ɗa. Magaji, a ɗaura ƙwaryar nan a bisa mashi a kai wa sarakunan da ke kewaye da mu su gani. A buga tambari."

Tambari na tashi wani masunci ya iso daga hayi, ya faɗi ya ce an yi shela a Dumari: Tabawa da ɗanta maciya amana ne, an rushe gidansu, an kwashe rumbu, duk wanda ya gan su ya kashe. Ya ce kuma talakawa da dama sun ƙi komawa birni, suna bakin ruwa suna neman jirgi.

Nomau ya dubi uwarsa. "Inna, kin ji."

"Na ji. Miƙe ƙafar nan, kada ka tanƙwashe ta." Ta gyara masa ɗaurin, ta taɓa goshinsa ta ji ko da zazzaɓi.

Can sai Cindo ya buɗe ido ya ce yunwa yake ji. Yada ta yi dariya cikin kuka. Ta kwance ƙullin kayanta ta fito da curin fura da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a baki, ta dangwarar a gaban Tabawa.

"Tashi ki dama musu, su biyun. Tawa tsami gare ta. Ƙwaryar a wanke take, da safen nan na wanke."

Tabawa ta ce, "Na gode." Ta ɗauki ƙwaryar, ta gangara bakin tafki tana dafa jirage, ta durƙusa ta ɗebi yashi ta fara cuɗa ta ciki da waje. A hayi ana hango ganuwar Dumari, a bayanta mayaƙan Kwalga na ta taruwa. Ba ta ɗaga kai ba sai da ta ɗauraye, ta shinshina, ta sake wankewa.